Namijin da Ya Girbe Gonar Waliyyi

Yayana Natalio, wanda kowa ke kira Talyo, mai nutso ne, kuma a tsibirinmu idan aka ce namiji mai nutso ne to an gama yabonsa. Ni ce ƙanwarsa Pining, wadda yake kira Inday, 'yar tsinta, kamar uwarmu da kakarmu. Teku ɗaya muke ci ni da shi, amma an raba mana ita tun kafin a haife mu. Duk inda ruwa ya shanye mutum na maza ne. Filin da ruwa ke bari idan ya janye, mai duwatsu da ciyawa da taɓo, shi ne namu. Manyan katantanwa na can ƙasa, irin su budyong mai jan leɓe da ake busawa kamar ƙaho, maza ke fitowa da su, dillalan birnin Cebu su saye, waɗanda suka fi kyau kuma a jera su a ƙofar gida don mai wucewa ya gani. Ƙananan mu ke tsince su, mu dafa da zogale, mu zubar da ɓawon a bayan madafa. Namiji zai tashi da kwano guda yana tsotsar yatsa, amma gara a kama shi da kazar maƙwabci da a gan shi duƙe da kwando yana juya dutse.

Manoy Talyo ya fi kowa raina mu. Manoy, ko Noy in an gajarta, shi muke ce wa yaya namiji ko namijin da ya girme ka. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, ruwa ya kashe masa kunne ɗaya, saboda haka magana yake kamar yana kiran wani a tsallake. Idan ya dawo ya tarar da mu a fili sai ya miƙe a kwalekwale ya ce ga kajin gari sun fito tono. Ni kuma in ce masa kajin ne dai suka ciyar da shi har ya yi wannan wuyan. Haka muka taso, yana tsokana ina ramawa, amma ban yarda wani ya taɓa shi a gabana ba. Ina alfahari da shi, ko da yake da in faɗa masa haka gara in haɗiye harshena.

Da tiyo suke nutso a lokacin. Inji na kan jirgi yana tura iska, mutum ya cije bakin tiyon ya sauka inda haske ba ya kaiwa sosai. Abokin nutsonsa shi ne Menes, ɗan Nang Pasing, tsohuwar da ke gaba a cikinmu 'yan tsinta. Wata rana suna ƙasa injin ya mutu. Manoy ya samu ya fito, Menes kuwa tiyonsa ya sarƙe a jikin murjani. Yayana ya koma da numfashinsa kawai, ya fito, ya sake komawa, hancinsa na zubar da jini, bai daina ba sai da ya ciro shi. Gawa ya ciro.

Da a ce ruwan ya shanye masa ƙafa, da an huta. Muna da irinsu, waɗanda suka fito daga zurfi ƙafa ta mutu, suna dogara sanda, kowa na tashi ya ba su wuri. Shi kuwa ya fito garau, ko ƙwarzane babu. Abin da ya karye a ciki yake, kuma a wurinmu wannan ba ciwo ba ne, sunansa ɗaya, tsoro. Namijin da aka ce yana tsoron ruwa, gorin ba ya tsayawa a kansa, sai ya bi 'ya'yansa.

Bayan an yi arba'in ɗin Menes, Manoy ya ce ya yi rantsuwa ba zai ƙara cizon tiyo ba, ba kuma zai ƙara ɗaukar ɗan wani zuwa ruwa ba. Shi kaɗai zai riƙa fita a ƙaramin kwalekwale, ya yi nutso da numfashinsa kamar yadda kakanni suka yi. Maza suka jinjina kai, aka ce sai Talyo. Kullum da safe ya fita, da la'asar ya dawo da nama a kwano, an riga an cire shi daga ɓawo an yayyanka. Ya ce manyan ɓawon nauyi gare su, dillalai ma sun rage zuwa, gara ya fasa su a can ya huta.

Wata rana na ci abinci a gidansa. Loma ɗaya na kai harshena ya gaya mini gaskiya. Wannan ba naman zurfi ba ne mai tauri da sai an buga kafin ya dahu. Saang ne, mai yatsu kamar gizo-gizo, wanda ko 'yar yarinya tana ɗauka a ruwan da bai kai gwiwa ba. Na ɗaga kai na dubi matarsa, Manang Sianing, don Manang ko Nang muke ce wa macen da ta girme ka. Ita kuma ta dubi tukunya ta ci gaba da juyawa, alhali tukunyar ba ta kan wuta. Na ce a raina watakila musaya yake yi da matan wani tsibiri, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na cinye na tashi.

A bayan tsibirinmu akwai wani ɗan tudu da babu kowa a kai, bishiya ɗaya ce sai wani makeken fili da ruwa ke buɗewa. Gonar Waliyyi muke ce masa. Ba mai sa ƙafa a wurin duk shekara, sai ranar babbar janyewar ruwa da ke zuwa gab da bikin waliyyin garinmu. Mu ba masu aladu da yawa ba ne. Abin da muke taƙama da shi ranar biki shi ne kwanuka. Baƙi su zo daga tsibiran kewaye su tarar da tebur cike, kowane kwano da irin katantanwarsa, ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa, su ci su tafi suna ba da labari. Duk daga gonar nan ake ɗebowa a wuni guda. Kuma babban mai nutso na gari shi ke busa budyong a buɗe gonar, shi ke kai mata a babban jirgi. A shekarar nan ma Manoy Talyo ne.

Da safen ya ɗauki ƙahon ya busa, sai sauti ya fito kamar tarin akuya. Mata suka kwashe da dariya, wata ta ce ko Sianing ce ta hana shi barci. Da can da ya mayar mata da wadda ta fi ta, amma sai ya ajiye ƙahon, gumi na bin wuyansa tun rana ba ta yi zafi ba. Manang Sianing ta aiko a ce kanta na ciwo. Muka cika jirgi da kwanduna da wuƙaƙe, ana waƙa ana zolayar juna, Nang Pasing a gaba da tabarta a baki. Shi ya kai mu da hannunsa.

Tun kafin jirgi ya tsaya waƙar ta mutu. Filin da muka sani baƙi-baƙi ne, kore-kore, mai sheƙi. Wannan fari ne fat. Duwatsun duk an birkice su, cikinsu na kallon sama. Duk 'yar da aka haifa a tsibirinmu ta sha mari a kan wannan: in kin ɗaga dutse kin ɗauki rabonki, ki mayar da shi yadda kika same shi, don ƙwai da 'ya'yan komai a ƙarƙashinsa suke, rana ɗaya ta isa ta kashe su. Nan kuwa tun daga gindin bishiya har inda ruwa ke karyewa ba dutsen da aka mayar.

A gindin bishiyar muka sami murhu da baƙin gwangwani da tulin ɓawo har ƙugu. Ban taɓa ganin arzikin gonar nan a tare wuri ɗaya ba sai ran nan, kuma a mace na gan shi. Ga saang, ga aninikad mai tsalle da ƙafa ɗaya, ga masu kama da hula da ke manne wa dutse, ga masu murɗaɗɗen bindi, ga ƙumba mai ƙirji-ƙirji mai jan nama, ga mai fuka-fuki kamar ganye, ga wuri mai zane da ko ci ba a yi. Har da masu sa ƙaiƙayin maƙogwaro, waɗanda mai hankali ba ya taɓawa, da 'yan mitsi-mitsi kamar ƙwayar masara da ba su isa a sa allura a ciro namansu ba.

Mata suka hau zagin matan tsibirin da ke kudu da mu, aka ce ɓarayi, aka ce dama an san halinsu. Nang Pasing ta ratsa ta cikinsu. Ta tsuguna tana tona tulin da sanda, ta ɗauki wani saang da aka ragargaza, ta juya shi.

“Ku bar matan mutane,” ta ce. “Wace mace ce ke fasa saang da guduma? Wace mace ce ke barin dutse a rigingine? Wannan aikin hannun namiji ne, kuma namijin da bai taɓa duƙawa ba sai da girmansa.”

Ba wadda ta waiwaya ta dubi jirgi, kuma wannan rashin waiwayar ya fi mini mari zafi. Ni kaɗai na saci kallo. Manoy na zaune ya ba mu baya, yana kwance wata igiya yana sake ɗaurawa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Uwarmu ta yi tsinta a filin nan, kakarmu ma haka, ga shi ɗan cikinsu ya lashe shi tas kamar fara. Da filafili na kusa da hannuna da na rotsa masa kai.

Wata matashiya ta ce a kai magana gaban mai unguwa. Nang Pasing ta tofar da tabarta, ta ce guguwar da aka yi watannin baya ita ta birkice duwatsun. Aka ce wace guguwa, ai wannan ko rufin kaji ba ta ɗage ba. Ta ce ita dai ta ce guguwa ce. Ta ce duk wadda ta kai wa mijinta wata magana daban, kada ta ƙara tsayawa kusa da ita a fili. Sannan ta rage murya.

“Shi ya ciro mini ɗana na binne shi a ƙasa kamar kowa. Abin da ya bari a can wurin cirowar, ban da bakin da zan tambaye shi.”

Muka tsinci abin da ya saura a gefe-gefe, ko gindin kwando bai rufe ba. Muka binne tulin ɓawon a yashi. A hanyar dawowa ba waƙa sai ƙarar inji.

Bikin shekarar nan har yau ba na son a tuna mini. Baƙi suka zo da cikinsu a buɗe, muka ajiye musu taliya da kifin gwangwani. Wata baƙuwa ta tambaye ni, da murmushinta, ko teku ce ta yi ƙaura daga wajenmu. Maza suka karɓi zancen guguwa hannu bibbiyu. Isyong, abokin Manoy tun suna yara, shi ya fi kowa ɗaga murya, yana ce wa baƙi ai guguwar nan ba ƙarama ba ce, shi kansa ya ga yadda ta yi. Na ce a raina maza dai ba su san komai ba, ko me ka ba su sai su haɗiye.

Da baƙi suka watse na sami Manoy a bayan gida. Na zo da zagi cike da bakina, na fara saukewa tun daga nesa. Ban bar komai ba, har kajin gari na tuna masa. Ya bar ni sai da na gaji. Sannan ya ce ranar farko da ya fita shi kaɗai da niyyar nutso ya fita. Ya sa fuskarsa a ruwa, ya ga duhun ƙasa, sai ƙirjinsa ya kulle. Ya gwada washegari, ya sake gwadawa, abu ɗaya. Ga gida na jiran abinci, ga shi ba zai iya dawowa hannu rabbana ba. Wuri ɗaya ne a duk kewayen da ya san ba ido, shi ne gonar. Zancen mayar da dutse kuwa, ya ce tsakaninsa da Allah bai taɓa ji ba. Ta ina zai ji? Mu ake mari a kai, shi yana can ana koya masa riƙe numfashi.

“Matan sun sani, na gani,” ya ce. “Wannan na haɗiye. Amma Inday, kada maza su ji. Ranar da Isyong ya ji, ki haƙa mini rami.”

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na koma wurin Nang Pasing, kaina a ƙasa. Ta yanke cewa zai mayar da kowane dutse da hannunsa, ko da abin da ke jikinsa ya riga ya mutu. Za a bar masa kusurwa ɗaya ta gabas ya riƙa ci da iyalinsa, sauran gonar kuwa ko inuwarsa kada ta taɓa. Kuma sai an koya masa, don ba za a saki jahili a gona sau biyu ba. Ni aka ɗora wa koyarwar. Muka ce wa gari itacen da ruwa ke kawowa nake bin sa ɗebowa.

Ban taɓa samun ɗalibi mai taurin kai irinsa ba. Mutumin da ya san kowane kogo a ƙasan teku bai san bambancin abin da ke ƙarƙashin tafin ƙafarsa ba. Komai a wurinsa katantanwa ce. Na nuna masa waɗanda ke bin ciyawa da waɗanda ke kwana a yashi, da waɗanda sai an bi sawunsu, wani ɗan layi kamar an ja tsinke. Na nuna masa wanda ake ɗauka da wanda ake bari ya yi leɓe tukuna, da watan da ba a taɓa wasu don suna kan ƙwai. Ran nan na juyo na ga ya ɗauki wata mai siffar mazurari, mai zane kamar atamfa, zai jefa a aljihun wando don ta yi masa kyau. Na doke hannunsa har ta yi tsalle. Na ce wannan harbi take, ta kwantar da waɗanda suka fi shi. Ya tsaya yana murza hannu, ƙaton mutum, ya ce ashe nan ma ana mutuwa. Na ce to da can wasa ya ɗauka muke yi?

Ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Idon mai nutso ne da shi. Imbao, ƙumbar da ke nutsewa can cikin taɓon gindin itatuwan bakin ruwa, wadda sai an gano 'yar ƙofar numfashinta, ya zo ya fi ni ganinta, abin da ya ba ni haushi ƙwarai. Gonar ma a hankali ta farfaɗo, bayan wasu shekaru kwanuka suka sake cika ranar biki. Amma duk lokacin da ya ji ƙarar inji daga nesa sai ya yar da kwando ya ruga ya faɗa kwalekwale, ya jiƙa kansa da ruwa, ya zauna yana haki kamar wanda ya fito daga ƙasa. Jirgin ma ba ya zuwa wajenmu. Ni ke juya baya don kada ya ga na gani.

A cikin gari kuwa mata suka rufa masa asiri, rufin da ya fi tonawa ciwo. Da can kowace mace tana da abin da za ta jefe shi da shi idan ya wuce, shi ma yana da nasa. Yanzu sai gaisuwa a hankali, kamar an zo duba marar lafiya. Har 'yan matan da aka haifa a gabansa suka koyi wannan muryar. Idan ya hango mata a bakin rijiya sai ya sake hanya ta bayan coci. Wurin maza kaɗai yake buɗe baki. Da yamma a gindin bishiyar bakin ruwa, ana shan bammin kwakwa, sai ka ji muryarsa tana ba da labarin abin da ya gani yau a ƙasa, kifin da ya kai jirgi tsawo, budyong ɗin da ya gagare shi ɗagawa. Kullum labarin ƙara girma yake. Su kuma su jinjina kai, Isyong ya ƙara masa a kofi. In na zo wucewa sauri nake yi, kunnuwana na zafi, ina jin kunyarsa da kunyar kaina da nake tayawa.

Haka aka daɗe, har gashinsa ya yi fari. Sai aka shiga wata shekara mai wuya. Kifi ya ƙaurace wa gaban tsibiri, a jefa taru a jawo ciyawa. Gidan Isyong ya fi kowa jin jiki, ga jikoki an kawo masa, ga mata ba lafiya. Wata rana da hantsi maza suka taru a gindin bishiyar suna shawarar inda za a gwada. Ina kusa ina shanya 'yan ƙananan kifi a kan raga, wasu matan na gefe. Sai na ji muryar yayana, wadda ko kurma sai ya ji, yana cewa shi fa yana mamakinsu. Ga kifi can jibge a ruwan bayan Gonar Waliyyi, kullum yana ganinsu, amma shekara da shekaru bai ga wanda ya kai taru wurin ba. Lalaci ne ko me?

Wani ya yi tari, wani ya hau kallon ƙafarsa. Isyong ya ajiye allurar ɗinkin tarun da ke hannunsa. Yunwa ba ta san kara ba.

“Saboda kai ne, Talyo,” ya ce. “Mun bar maka bayan tsibirin don kada ɗayanmu ya yi kiciɓis da kai a duƙe.”

Manoy ya juyo da kunnensa mai ji, kamar bai ji daidai ba. Ya tambaya tun yaushe.

“Tun watan farko. Kai wa kake yi wa wayo? Mai nutso ne bayansa ke saɓulewa da rana haka? Dubi gwiwoyinka, sun yi kanta kamar na mai addu'a. Mun ce ba komai, ka yi abin da ba kowa zai yi ba a kan Menes. Mun yi alkawari a nan gindin bishiyar cewa matanmu ba za su taɓa ji ba, kuma ba su ji ba. Amma yau gidana ba a ɗora tukunya ba, kai kuma kana kiranmu malalata.”

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, irin wadda ke zuwa da hawaye. Na ce, “Noy Isyong, matanku ne ba su ji ba? Mu da muka binne ɓawon da hannunmu? Mu ma ai ku muke ɓoye wa.” Sai da maganar ta fita na ga fuskar yayana. Yana tsaye a tsakiya, maza a dama, mata a hagu, yana duban waɗannan yana duban waɗancan. Ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Ya ajiye kofin da ke hannunsa a hankali kamar zai fashe, ya nufi gida.

Ya daɗe bai fito ba. Maza suka kai taru bayan gonar suka dawo da kifi, aka aika masa da kasonsa, ya ce a mayar. Manang Sianing ta zo ta ce in je, ita ta rasa ta inda za ta kama. Na same shi zaune a ƙasa ya jingina da bango, ya rame, wuyan nan duk ya zube. Ya tambaye ni ko akwai wanda ya rage a tsibirin da bai sani ba. Na ce sai dai jarirai. Ya ce ya ci gonar mata, ya hana maza ruwansu, yara sun kwana da yunwa don kada shi ya ji kunya. Ya ce duk labaran nan da yake bayarwa, ashe suna zaune ne suna jira ya gama. Na ce ai don suna son sa ne. Ya girgiza kai.

“Inday, rabon da wani ya zage ni a garin nan tun Menes na da rai. Ke kaɗai ce. Wa ake bari ba a tsokana in ba baƙo ko mai jiran mutuwa ba?”

Na share masa ɗakin da ba ya bukatar shara na tafi.

Wata safiya ruwa ya janye sosai, na ɗauki kwandona zan fita filin gaban gari, sai na gan shi a ƙofar gidansa, ƙofar gaba, da kwandon Manang Sianing a hannu da wuƙar tsinta a ƙugu. Ya jero da ni. Hanyar fili ɗaya ce, ta gindin bishiyar take bi, kuma maza na nan cike suna gyaran taru. Na so in ce mu zaga ta bayan coci, na kasa.

Da suka hango mu kowa ya sunkuyar da kai. Ka ce ba a taɓa yin taru mai ban sha'awa irin na ranar ba. Manoy ya zo daidai tsakiyarsu ya tsaya cak. Bai wuce ba, yana riƙe da kwandon a gaban cikinsa inda kowa zai gani. Na tsaya a gefensa ina roƙon Allah a raina ko dai ya wuce ko wani ya ce wani abu. Allurai na ta shiga suna fita. Can sai Isyong ya gyara murya, bai ko ɗago kai ba.

“Manang Talyo, yau an fito ke nan? In kin samu masu ƙiba ki tuna da mu.”

Wani ya yi ƙoƙarin danne dariya ta fito masa ta hanci, sai wurin ya ɓarke gaba ɗaya. Wani ya ce a ara mata ɗankwali kada rana ta ɓata mata fata. Wani ya tambaya ko an yi mata miji. Manoy ya ja numfashi mai tsawo, ya sauke.

“Kai da taru ya fi ka wayo,” ya ce wa Isyong. “Ko ɓawo ba za ka gani ba.”

Ya wuce, na bi shi, dariya na bin mu a baya. Hawaye na gangaro masa bai share ba, don hannu ɗaya na riƙe da kwando, ɗayan kuma ya dafe wuƙa. Matan da ke fili suka miƙe tsaye suna kallon zuwanmu. Ƙeyarsa da kunnuwansa sun yi jajur, kansa a ƙasa har muka isa bakin ruwa. Ya naɗe ƙafar wando ya shiga cikinsu.